A Rubuta ko a Riƙe a Ka? Batun Allon Suna a Lambun Gida

A Wudil mutum zai iya ganin shuka iri biyu a wuni ɗaya ba tare da ya sha doguwar tafiya ba. Ta farko tana bakin kogi, inda masu noman rani ke jera komayen albasa da tumatir da tattasai da latas tun daga ɗaukewar ruwan sama har zafin bazara. Ka yi ta yawo a fadamar nan tun hantsi har azahar, da wuya ka ci karo da ko tsinke ɗaya da aka rubuta wa suna. Ta biyu ita ce ta malaman gona, irin waɗanda ake yayewa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata wannan suna a 2022. A filin gwaji na malamin gona kowane layi da ɗan allonsa: sunan iri, ranar shuka, lambar fili. Allon nan in ya ɓata, aikin shekara ya tafi a banza, domin ba mai iya rantsuwa cewa wannan layin ne aka ba taki kaza.

Dukansu suna girbi, kuma ba wanda za a ce bai san aikinsa ba. Wanda ke tsaka mai wuya shi ne mai lambun gida: ma'aikacin da ya killace bayan ɗakinsa da kara, ɗan fanshon da ya dasa bishiyoyi a filin da bai kai ga ginawa ba, uwargidan da ta jera buhunan ƙasa da tsofaffin bokitai a gefen rijiya. Shi wa zai bi, mutumin fadama ko malamin gona?

Masu cewa allo ɓata lokaci ne suna da hujja, kuma hujjar ba ƙarama ba ce. Bahaushe ya daɗe da sanin tsirrai ba tare da ya liƙa musu takarda ba. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya bi mutane yana tambaya yana rubutawa, har ya fitar da littafi guda a 1916 wanda ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa. Duk abin da ya tara a bakin manoma da makiyaya da masu magani da tsofaffin mata ya same shi. Ba a jikin ko bishiya ɗaya ya karanta ba. Ilimin da ya cika littafi yana zaune a kawunan mutane, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Yadda ake miƙa shin ma abin kallo ne. Uwa tana gindin murhu, sai ta ce wa 'yarta:

"Ke, je ki bayan ɗaki ki tsinko mini ɗoɗɗoya."

Yarinya ta je ta tsaya tana raba ido, ta ɗago murya: "Inna, wacce ce a ciki?"

"Murza ganyen ki shinshina. In kin ji ƙamshin miyar jiya, ita ce."

Shi ke nan, yarinyar nan ta san ɗoɗɗoya har ta tsufa, ko a dajin da ba ta taɓa shiga ba. Da allo ne a gindin shukar, da ta karanta ta tsinko ta kawo, hancinta bai koyi komai ba. Wannan ita ce babbar illar allon suna, kuma masu son sa ba su cika faɗinta ba: yana ɗauke ido daga kan ganye ya mai da shi kan rubutu. Wanda ya saba da karanta allo, ranar da allo ya faɗi sai ya zama baƙo a lambunsa. Rabe tafasa da rai-ɗore, ko yakuwa da rama tun suna ƙanana, aiki ne na ido da yatsa, kuma sai an yi ta yi ake iyawa.

Ga kuma ƙasar tamu da ba ta raga wa allo. Na katako, gara ta cinye gindinsa kafin shukar ta yi fure. Na kwali, ban ruwa biyu ya jiƙe ya narke. Wanda aka rubuta da maka a jikin roba, ranar Afirilu da ke kai zafi maki 40 ta kan kodar da tawadar har ta koma fari fat, ƙurar hunturu kuma ta rufe abin da ya saura. Akuya ta tsallako ta ture, kaza ta tone, yaro ya tsige ya yi wasan mota da shi. Mafi muni shi ne yaron kirki, wanda in ya gama wasan zai mayar, amma a gindin wata shukar dabam. Allon da ya yi ƙarya ya fi rashin allo ɓarna, domin mai gida ya riga ya sakankance, ya daina dubawa. Akwai ma wani dattijo da ya ce mini shi ba zai rataya wa mangwaronsa suna ba ko da kuɗi, wai rubuta "Binta Suga" a jikin bishiya sanarwa ce ga yaran unguwa. Na yi dariya, amma ban ce ya yi ƙarya ba.

Da nan maganar ta tsaya, da sai a ce a bi mutumin fadama a huta. Sai dai kafin a kwaikwaye shi ya kamata a duba abin da ya sa kansa ke isar sa. Amfani uku ko huɗu yake nomawa, kowanne komaye da yawa. Kullum yana wurin, safe da yamma. Yawanci a hannun mahaifinsa ya koya, a wannan ƙasar, da wannan ruwan. Mai lambun gida kuwa akasin haka yake ta kowace fuska. Shukarsa ta kai iri ashirin, kowanne gindi ɗaya ko biyu. Wannan abokin aiki ya ba shi, wancan a kasuwar Juma'a ya sayo a ƙulle cikin leda, ɗayan kuma daga Kano aka kawo masa cikin fakiti mai rubutun Turanci. Sai bayan la'asar yake leƙa lambun, wani lokaci ma sai ƙarshen mako. Neman ya riƙe komai a ka kamar wanda ya tashi a fadama, ɗora masa kaya ne da ba nasa ba.

A karar Wudil ma haka abin yake. Bafulatanin da ya koro shanunsa ya san kowace da kamanninta da uwarta, ba ya bukatar ya shafa mata komai. Amma falken da ya sayi goma daga hannu goma, zai loda su a mota ɗaya da na wasu zuwa Kudu, ba ya wasa da fenti. Kafin a ɗaga ƙofar mota ya sa wa kowace alamarsa. Ba wai ya fi Bafulatani rashin basira ba ne. Jiya ya san su, kuma za su bi ta hannun da ba nasa ba. Mai lambun gida falke ne, ko da yana ganin kansa makiyayi.

Wuri na farko da ido ke gazawa shi ne wajen renon iri. Tattasai da attaruhu da shambo da barkono, a makonninsu na farko, ganye biyu ne siriri a kan ɗan kara, kama da wane. Ko tsohon manomi ba da ganye yake rabe su a lokacin ba, da wuri yake rabewa: ya san komin gabas na tattasai ne. Wanda ya yafa su a ledoji ko gwangwanaye, aka ɗan gusa su don a yi shara, shi ke nan lissafi ya rikice, sai sun yi 'ya'ya. Haka kankana da guna, haka kabewa da duma. Kuma ba suna kaɗai ake mantawa ba, har da rana. Attaruhu yana da nawar tsiro, ya kan yi mako biyu zuwa uku bai leƙo ba, alhali tumatir cikin mako guda ya fito. Mai gajen haƙuri da bai rubuta ranar yafi ba sai ya ɗauka irin ya mutu, ya tone ya zuba wani a kai. Dashe ma da lokacinsa: tumatir mako huɗu zuwa biyar, albasa shida zuwa takwas. Tumatirin da ya wuce lokaci a wurin reno ya kan yi tsawo ya yi laushi, in an dasa ya daɗe yana jinya. Ɗan tsinke mai ɗauke da kwanan wata ya kashe duk wannan rigimar.

Wuri na biyu ya fi ciwo, domin shekaru yake ci: bishiya. Ka tsaya wajen mai sayar da dashe a bakin titi, ya ɗago maka leda ya ce, "Alhaji, wannan mai aure ne, shekara uku ka sha mangwaro." Ƙila gaskiya ya faɗa. Mangwaro mai aure ya kan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai biyar zuwa takwas, kuma ba lallai ya gado zaƙin uwarsa ba. Ka sayi huɗu, iri huɗu, ka dasa. Bayan shekara huɗu ɗaya ya yi 'ya'ya masu daɗi da kowa ke tambaya, ɗaya sai zare da tsami. Wanne ne Paparanda, wanne ne Julie, a hannun wa aka sayi mai kyan? In ba a rubuta ba, ba ka da abin da za ka koma ka nema, ba ka da wanda za ka koma ka yi wa ƙorafi.

Lemo ma da nasa sirrin. Lemun zaƙi mai aure a kan gindin wani lemo mai juriya ake ɗora shi. In reshe ya tsiro ƙasa da gaɓar auren, na gindin ne, kuma ya fi ƙarfi. In ba a sare shi ba sai ya danne na saman, a wayi gari bishiyar da aka saya don zaƙi tana zubo lemo mai kaushi da tsami. Mai gida ya san da wannan, to amma almajirin da ke ban ruwa ko ƙanen da aka bar wa gida fa? Kalma biyu a jikin reshe, "mai aure", sun isa su sa ya tambaya kafin ya ɗauki adda, ko ya san wane reshe zai cire.

Dabino ya fi kowa wahalar da mai shi. Akwai namiji akwai mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure, bayan shekaru huɗu ko biyar ko fiye. In daga ƙwallo aka shuka, kusan rabi maza za su fito, alhali namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Shi ya sa masu abin, irin ma'aikatan tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse, nan kusa da mu, suka fi daraja ɗan da aka cire daga gindin uwa, domin shi jinsin uwarsa yake ɗauka da irin 'ya'yanta. Wanda ya samu irin wannan ya dasa shi cikin na ƙwallo bai sa masa alama ba, ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa, wato tabbaci.

Sai batun iri, wanda ya sauya ƙwarai daga zamanin kakanninmu. A da in an ce wake, to fari ne ko ja, ɗan wuri ko na kaka, kuma a rumbun gida ake ɗebo shi. Yau cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da iri da lambobi: SAMPEA na wake, SAMMAZ na masara, SAMNUT na gyaɗa, kowanne da lambarsa da kwanakin nunarsa. Tumatir akwai Roma, akwai UTC, akwai UC82B, ga kuma sababbin da ke zuwa a fakiti. Waɗannan sunaye ba su da kama a jikin ganye, kuma kai ba ya riƙe lamba kamar yadda yake riƙe suna irin "Ɗan Zariya". Abin da ya fi muhimmanci shi ne harafi da lambar nan da ake bugawa a wasu fakitoci, F1. Irin da ke ɗauke da ita ya kan yi yabanya mai kyau a shukar farko, amma in ka matse 'ya'yansa ka ajiye iri, abin da zai fito baɗi gauraye ne, wani dogo wani gajere, wani ba ya ko kama da uwar. Roma da UC82B kuwa ana iya ajiye irinsu. To uwargidan da ta shuka duka biyun a buhuna, ta ga wani gindi ya fi kyau ta ce daga shi za ta ɗebi iri, in babu alama ta yaya za ta san ba F1 ɗin ta zaɓa ba? Kusan ma shi za ta zaɓa, don shi ya fi ɗaukar ido. Haka wanda ya dasa tattasai daf da shambo: ƙudan zuma na iya haɗa su, irin da ya ajiye ya ba shi tattasai mai yaji a shekara mai zuwa. Sai wanda ya san me ke kusa da me zai gane inda abin ya fito.

Gwamnati ma ta yarda cewa iri ba ya faɗin sunansa da kansa. Hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, NASC, wadda aka sabunta dokarta a 2019, ta kawo wani tambari a jikin fakiti da ake kankarewa a tura lambar ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. Abin takaici shi ne mutum ya yi duk wannan, ya yage fakitin ya zuba irin, ya jefar da takardar a bola.

Akwai wani rubutu kuma da ya shafi lafiya kai tsaye. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kano da maƙwabta, mutane suka ƙara sakin hannu da feshi, har a cikin gida. Kowane magani da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a ci abin da aka fesa. A gona mai feshin shi ne mai tsinka. A gida kuwa maigida ya fesa da asuba ya tafi aiki, da rana a aiki yaro ya tsinko tumatir da latas a yi kwaɗo. Nan tsumma ja a ɗaure a kan sanda, da ranar da aka fesa a rubuce, ya fi sunan shukar amfani nesa ba kusa ba.

Wasu na kawo batun tsirrai masu guba, irin su zaƙami da bini-da-zugu da zurma, a matsayin hujjar allo. Ni ban karɓi wannan ba. Yaron da zai tsinci 'ya'yan bini-da-zugu ya tauna don sun yi masa kama da gyaɗa bai kai shekarun karatu ba. Maganin wannan shinge ne, ko a tumɓuke abin daga inda yara ke wasa. Inda allo ke da aiki shi ne ganyen magani da manya ke tsinka, musamman wanda aka kawo daga wata ƙasa. Suna ɗaya na Hausa ya kan hau kan tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma ya amsa suna uku daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Maraɗi. Don kauce wa irin wannan ruɗani ne masana suka bi tsarin da Linnaeus ɗan Suwidin ya shimfiɗa a 1753, na ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da duk duniya ta yarda da shi. Mai lambun gida ba ya bukatar Latin a kan alayyahu. Amma in ganye ne da za a dafa a ba mara lafiya, kuma wanda ya ba ka shi ya san sunan nan, karɓi ka rubuta.

In an yarda za a rubuta, saura a kan me. Abin da na ga ya fi jure ƙasarmu shi ne gwangwanin lemo. A yanka shi da almakashi a fitar da ɗan falle, a lanƙwashe bakin don kada ya yanki yaro, a ɗora kan kwali, a danna rubutun da mataccen biro. Haruffan sun shiga jikin ƙarfen ke nan, ba tawadar da rana za ta sha, gara kuma ba ruwanta da shi. A huda, a rataya da waya a kan reshe, a bar mata sarari sosai, domin wayar da aka ɗaure tamau bishiya na girma ta shige cikin ɓawo ta shaƙe reshen. Na wajen reno, da ba zai wuce wata biyu ba, guntun farar jarka da fensir ya isa, kuma fensir ya fi maka daɗewa a rana, ko da yake ba a cika yarda ba sai an gwada. Tsingaro da fentin mai ma yana yi, ga nauyin da kaza ba ta iya turewa. Garin da ya yi suna da ginin tukwane kamar Wudil, ban ga abin da zai hana a roƙi mai gini ta yi 'yan allunan yumɓu ta zana suna tun yana ɗanye kafin a gasa ba. Rubutun kuwa a yi shi da abin da mutanen gidan ke karantawa. In uwargida ajami ta fi ganewa, a yi da ajami.

Duk da haka kada a dogara da allo shi kaɗai, tunda mun ga yadda yake tafiya yawo. Littafi ɗan naira kaɗan, a zana lambun a shafin farko, daga rijiya zuwa katanga, a sa wa kowace bishiya lamba, a rubuta ranar dashe da inda aka samo ta, a maƙala fakitin irin a ciki. Hoto a waya yana taimakawa, amma waya ta kan ɓata ko ta lalace, kuma ba kowa a gidan ke buɗe ta ba. Littafin nan shi ne zai yi wa magada bayani ranar da mai dashen ba ya nan, domin mangwaro da dabino sun kan fi wanda ya dasa su daɗewa.

Hukuncina dai bai raba abin biyu daidai ba. Zogale, kuka, lalle, gwanda, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, ɗoɗɗoya, na'ana'a, duk abin da ganyensa ko ƙamshinsa ke faɗin sunansa, a bar shi haka, a riƙa aiken yara suna tsinkowa har su sani. Rataya wa zogale allo a Wudil abin dariya ne. Amma abin da ke wurin reno, da kowace bishiya mai aure, da dabino, da duk irin da aka sayo a fakiti, da duk abin da aka yi wa feshi, waɗannan a rubuta, kuma a rubuta a ranar, kafin a wanke hannu. In wuri ya yi kaɗan a jikin allon, a bar sunan a sa kwanan wata da inda aka samo, don suna wataƙila maƙwabci ya gane maka shi, amma ranar da ka shuka ba wanda ya sani sai kai. Mai niyyar yafa irin tumatir da tattasai da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ya fara tara gwangwani tun yanzu.